Wankin kafiretar ƙaramin inji bayan doguwar ajiya

Kafireta ita ce na'urar da ke cuɗanya fetur da iska kafin su shiga cikin inji su ƙone. Motocin zamani sun rabu da ita tun wajen shekarun 1990, amma ƙananan injuna har gobe da ita suke aiki: janareta, injin ban ruwa, injin markaɗe, zarton inji da yawancin babura. Idan irin wannan inji ya yi watanni a ajiye da fetur a cikinsa, kafireta ce ke fara ba da matsala. Manomin rani ya san haka. Injin da ya jingine a zaure farkon damina yana aiki lafiya lau, sai ya ɗauko shi a watan Nuwamba ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta ƙage, inji ya ce bai san zancen ba.

Yadda take aiki

A tsakiyar kafireta akwai maƙogwaro mai tsukewa. Iskar da fistin ke zuƙa tana ƙara gudu idan ta iso wannan matsatsi, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga wani ɗan kofi da ke ƙasa. Masanin nan ɗan ƙasar Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya bayyana wannan ɗabi'a a 1797, kuma da sunansa ake kiran maƙogwaron. Kafireta mai fesa fetur ta bayyana a 1893, a hannun Wilhelm Maybach a Jamus, da kuma János Csonka da Donát Bánki a Hungary.

Cikakkiyar ƙuna tana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, bisa nauyi. Abin da ke auna fetur ɗin wasu 'yan ƙusoshin tagulla ne masu rami a tsakiya, waɗanda makanikai ke kira jet. A injin Honda GX160, da tarin injunan Sin da aka kwaikwaya daga gare shi, ramin babban jet bai wuce kusan milimita 0.7 ba, na ƙaramin kuwa wajen rabin haka. Cikin kofin akwai fulot, wata roba mai iyo a kan fetur, wadda ke tura allura ta toshe hanyar mai idan kofin ya cika.

Abin da ke toshe ta

Fetur ba ya jure zama. Sassansa masu saurin tashi suna gudu cikin iska, ragowar kuma ta haɗu da iskar ta koma danƙo. Wannan na iya farawa cikin kwana 30, kuma zafi yana hanzarta shi. Da farko man yakan yi duhu, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti. Daga baya ya bushe ya bar wani jan shafi mai ƙyalli a jikin kofin, kamar ƙanzon da ya kama gindin tukunya. Janareta ƙarami mai cin fetur gauraye da baƙin mai, irin Tiger, nasa ya fi kauri, don fetur ya gudu ya bar man.

Ruwa ma yana da nasa aikin. Raɓa na taruwa a tankin da ba a cika ba, ta sauka ƙasa tunda ruwa ya fi fetur nauyi, ta haifar da tsatsa a tanki da wani farin gari kamar toka a jikin kafireta. Fetur mai haɗin etanol ya fi jawo ruwan. Sai kuma datti daga waje: ƙurar hunturu, da yashin da ke biyo man kwalba ko na jarka.

Alamomin a bayyane suke. Injin da ba ya tashi sai an rufe cok, wato faifan da ke rage iskar da ke shiga kafireta, da an buɗe ya mutu, fetur ne ba ya isa. Wanda ke hawa yana sauka shi kaɗai, kamar mai haki, galibi ƙaramin jet ne ya toshe. Idan kuwa fetur na ɗiga ta bakin kafireta, allura ce ta maƙale ko datti ya hana ta zama. A wannan hali a duba baƙin mai, domin fetur kan gangara ya tsinka shi, kuma dole a sauya shi.

Kwancewa

Aikin waje ne, wurin da iska ke kaɗawa, nesa da murhu da sigari. A kashe makunnin mai, a zare wayar fulogi. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto da waya, musamman 'yar sandar ƙarfe da siririn sifirin da ke haɗa totur da na'urar daidaita gudu. Nan ne mafi yawan masu koyo ke rikicewa wajen mayarwa.

Bayan an cire matatar iska, notina biyu ne yawanci ke riƙe da kafireta. Sifana mai lamba 10 tana kwance su, ita ce kuma ke kwance ƙusar gindin kofi. A zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da fulot, allura za ta biyo shi. Babban jet yana cikin bututun tsakiya, kuma yana son sukudireba mai faɗin baki daidai da tsagarsa. Ƙarfensa mai laushi ne: in sukudireba ta zame sau biyu, tsagar ta cinye, an shiga wani sabon aiki. Idan ya ƙi motsi a jiƙa shi, a ba shi lokaci. A bayansa akwai siririn bututu mai ƙananan huji a gefe, inda iska ke fara cakuɗa da fetur. Sau da yawa danƙo kan riƙe shi, sai an turo shi a hankali ta cikin maƙogwaro da tsinken itace. Sukurun daidaita cakuɗa kuwa, kafin a cire shi a murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, ana ƙirga zagayen, don a mayar da shi inda yake.

A ware duk wani abu na roba gefe guda. Maganin wankin kafireta yana kumbura roba.

Wankin kansa

A nan ne aikin yake, kuma a nan ake yawan ha'inci. Kofi mai ƙyalli ba shi ne wanki ba. Wani bakanike zai kwance kofi, ya ɗauraye da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Inji ya tashi, mai shi ya biya, bayan kwana biyu haki ya dawo, saboda toshewar tana cikin hanyoyin da aka huda a jikin ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa.

Sassan ƙarfe a jiƙa su cikin maganin wanki na wasu sa'o'i, ko su kwana idan danƙon ya tsufa. Kananzir da sabon fetur suna cire maiƙo da datti, amma ba su cika narkar da busasshen shafi ba. A goge da tsohon burushin haƙori. Daga nan a bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga jet a duba shi ta hasken rana: ramin ya fito zagaye sarai, ba kamar jinjirin wata ba. In bai fito ba, a zare silin waya guda daga cikin tsohuwar wayar lantarki a zura. Jan ƙarfe ne, ba ya cin jikin jet. Allurar ɗinki da wayar ƙarfe suna faɗaɗa ramin, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa: inji zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi.

Sai a sa ɗan tsinken gwangwanin fesawa a bakin kowace hanya a jikin kafireta, a fesa, a ga inda maganin ya ɓullo. Hanyar ƙaramin jet tana ƙarewa ne da wasu huji ƙanana ƙwarai kusa da faifan totur. Idan magani bai tsarto ta nan ba, wanki bai ƙare ba. A kare ido, don yakan dawo wa mutum a fuska. A ƙarshe a busa da iska mai ƙarfi. Wanda ba shi da injin iska, mai facin taya na bakin titi ya wadatar. Wasu garejin suna da kwanon wanki mai girgiza ruwan ɗumi da sautin da kunne ba ya ji, wanda ke kakkaɓe datti har cikin lunguna.

Kafiretar zarton inji da ta injin yankan ciyawa na rataye daban take. Ba ta da kofi, da wata siririyar fatar roba take tura mai. Fatar kan bushe ta sandare, wanki ba ya gyara ta sai sauyi, kuma iska mai ƙarfi tana lalata ƙananan bawul ɗin da ke buɗewa da rufe hanyar mai a ciki.

Mayarwa da gwaji

A girgiza fulot kusa da kunne. In ana jin ruwa a ciki, ya huje. A duba kan allura ko ya yi zobe saboda goga. Gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin sassa biyu da aka haɗa, in ya yage a sauya shi, domin iskar da ke satar hanya ta nan tana kawo irin hakin da toshewa ke kawowa. Gwaji mai sauƙi kafin a ɗaura: a hura ta bututun shigar mai. Idan kafireta na tsaye iska ta wuce, idan an kifa ta ta tsaya, allura na aiki.

Kada a haɗa wankakkiyar kafireta da tanki mai datti. A juye tsohon mai, a ɗauraye tanki, a wanke 'yar ragar da ke bakin mafitarsa da ɗan kofin tara datti na ƙasan makunnin mai, a sauya tiyo idan ya tsattsage. Gwajin inji a fili ake yi, don hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa a rufaffen ɗaki.

Idan farin garin ya ci ƙarfen har ya yi ramuka, ko jet ya karye a ciki, ko sandar totur tana lilo a mazauninta, sayen sabuwa ya fi. Ta injunan nau'in GX tana samuwa a kasuwannin kayan inji. Lokacin ajiya na gaba kuwa, a kashe makunnin mai a bar inji ya ci abin da ya rage har ya mutu da kansa, sannan a sassauta ɗan sukurun gefen kofi a tsiyaye sauran cikin gwangwani.