Kiloga: manhajar da ke naɗe duk abin da aka danna

Kiloga manhaja ce da ke lafewa cikin kwamfuta ko waya tana rubuta kowane harafi da aka danna, da lokacin da aka danna shi, da shafin da ake kai, sannan ta tura wa wanda ya dasa ta. Akwai kuma ta hannu, 'yar na'ura mai kama da filash ɗin ajiye fayil, da ake sanyawa tsakanin igiyar kibod da ramin USB. Ita wannan ta hannun, manhajar kashe bairos ba ta ganinta, sai an leƙa bayan kwamfutar da ido.

Ana tallata ta ga iyaye da masu kamfanoni, amma ba ta tantance komai. Rahoton ofis, lambar sirrin banki, saƙon da ma'aikaci ya rubuta wa likitansa ya goge bai aika ba, duk wuri ɗaya take tara su. Wanda ya dasa ta ya zama mai ajiyar sirrin jama'a ke nan, kuma ajiyar ba ta da tsaro. A 2017 an gano wata manhajar sauti a kwamfutocin HP tana zuba duk abin da aka danna cikin fayil mai suna MicTray.log, a buɗe, kowa na iya karantawa. Kamfanin mSpy mai sayar da manhajar leƙen waya an kwashe bayanan abokan cinikinsa a 2015, aka sake a 2024. A 2022 ma da kiloga aka sace babbar kalmar sirrin wani injiniyan LastPass, kamfanin da ke ajiye wa mutane kalmomin sirri, daga kwamfutarsa ta gida.

Ta fuskar doka, cewa "ai kwamfutar tawa ce" ba ta wanke mutum. A 2017 Kotun Ƙwadago ta Tarayyar Jamus ta soke korar wani ma'aikaci, ta ƙi karɓar hujjar da aka samo ta kiloga, domin an dasa ta ba tare da takamaiman zargi na babban laifi ba. A Najeriya sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin sadarwa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce kada a tattara fiye da abin da ake buƙata, sannan dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta tare saƙon wani a hanya ba bisa ƙa'ida ba. Miji ko matar da ta dasa a wayar abokin zama a ɓoye ma abin ya shafe ta.

Wanda ya samu kiloga a na'urarsa, kada ya sauya kalmomin sirri a kanta, don sababbin ma za ta naɗe. Ya sauya daga wata na'ura mai tsabta, ya kunna tabbatarwa mataki biyu (wato a nemi wata lamba ta daban bayan kalmar sirri), ya adana shaida idan zai kai ƙara, sannan a goge na'urar gaba ɗaya a sake loda ta.