Ladan mai jan ragamar wasa a dokar Pathfinder Society

Mutum biyar ko shida ne zagaye da tebur suna wasan Pathfinder, inda kowane ɗan wasa yake taka rawar wani jarumi a cikin labari, kowa da takardar jaruminsa a gabansa, ga fensir, ga ɗan lido mai fuska 20. Akwai mutum ɗaya a ƙarshen teburin da ba shi da jarumi. Shi ne mai ba da labari, shi ne alƙali, shi ke magana da bakin dodanni da 'yan kasuwa da sarakunan cikin labarin. 'Yan wasa suna kiransa GM, mu ce mai jan ragama. Tun kwana biyu kafin zaman ya karanta labarin, ya zana taswira, ya haddace ƙarfin kowane abokin gaba. Ranar wasa kuma ya yi awa huɗu zuwa biyar yana magana har murya ta dishe. In aka tashi, jaruman kowa sun ƙaru da gogewa da dukiya, nasa yana nan inda ya bar shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan, kuma in aka bar abin haka ba mai yarda ya zauna a wannan kujera sau biyu.

Wannan ce matsalar da kamfanin Paizo na jihar Washinton a Amurka ya nemi magancewa a tsarinsa na Pathfinder Society, wato tsarin buga wasan a ƙarƙashin dokar kamfanin, wanda ya fara a 2008 a taron wasanni na Gen Con na birnin Indiyanafolis. Tsarin ya bambanta da wasan gida. A gida ku da abokanku kuke yanke komai. A nan kuwa doka ɗaya ce a ko'ina, ta yadda jarumin da ka yi wasa da shi a wani shago a Ingila za ka iya ɗaukarsa ka zauna da shi a teburin wasu baƙi ta intanet. Saboda haka komai sai da shaida a rubuce, har da ladan GM.

Ladan nan kashi uku ne, kuma yawancin gardamar sababbin shiga daga cakuɗa su take tasowa.

Na farko shi ne takardar sakamako, wadda suke kira Chronicle. Duk wanda ya buga wani labari ana ba shi ita a ƙarshe, ɗauke da abin da jaruminsa ya samu. GM ma yana cike wa kansa guda, ya liƙa wa ɗaya daga cikin jarumansa, kamar dai jarumin ya je tafiyar ya dawo da nasara. A bugu na biyu na wasan, wanda ya fito a 2019, cikakken labari yana ba da makin gogewa 4, kuma da maki 12 ake hawa mataki. Wato labari uku, mataki ɗaya. A bugu na farko lissafin maki 1 ne a kowane labari, maki 3 a hau mataki, ka ga duk kanwar ja ce.

Sai dai takardar tana da sharuɗɗa, kuma nan ne ya kamata a nutsu. Sau ɗaya ake karɓarta a matsayin GM a kan labari guda, sau ɗaya kuma a matsayin ɗan wasa. In ka gudanar da labarin nan sau bakwai, galibi takarda ɗaya ce rabonka, sai fa in yana cikin 'yan labaran da aka yi wa alamar ana iya maimaita su. Haka kuma ba a tara wa jarumi ɗaya takardar labari ɗaya sau biyu. A ce mayaƙinka ya riga ya buga labarin a watan jiya, yau kuma kai ka gudanar da shi ga wasu, to takardar yau sai ta tafi ga wani jarumin naka daban. Dalilin a fili yake: mutum ba ya tsallake kogi ɗaya sau biyu a rana ɗaya ya ce a biya shi ladan tafiya biyu.

Akwai kuma batun mataki. Kowane labari an rubuta shi ne don jarumai masu wani matsayi, misali daga mataki na 5 zuwa na 8. Jarumin da ya wuce wannan iyaka ba a ba shi takardar. Wanda bai kai ba ana iya ajiye masa, ta jira shi har ranar da ya iso. Ka zaɓi jarumin tun lokacin cike takarda, kada ka bari sai bayan wata uku ka zo kana lalube.

Wani abin dariya ya fito daga wannan doka. Wanda ya gudanar da labari 12 ya zuba duk takardun kan jarumi guda, zai wayi gari da jarumi mai mataki na 5 wanda bai taɓa jefa ɗan lido ko sau ɗaya ba. 'Yan wasa suna tsokanar irinsa da sunan jaririn GM. Bai taɓa fuskantar mutuwa ba, bai ƙarar da maganin warkarwa ko kwalba ɗaya ba. Wasu suna ganin alfarmar ta yi yawa. Ni ban ga haka ba. Ranar da aka fara zama da irin wannan jarumi za ka ga mai shi yana ta juya takarda yana neman abin da jarumin nasa ya iya, abokan tebur suna jira. Ya biya kuɗin alfarmar a nan.

Kashi na biyu shi ne lissafin tebur, kuma shi ba ruwansa da maimaici. Duk zaman da ka gudanar aka kai rahotonsa yana shiga lissafi, ko da labarin ka yi shi sau goma. Gajerun labarai na awa ɗaya ko biyu ba sa cika tebur guda, wani kaso ake ƙirga musu. Da wannan lissafi ake samun alamar girma kusa da sunan mutum a shafin Paizo: taurari a bugu na farko, tambari a bugu na biyu. Tebur 10 alama ɗaya, 30 biyu, 60 uku, 100 huɗu. Ta biyar tana buƙatar tebur 150, kuma yawa kaɗai bai isa ba. Sai an gudanar da labarai daban-daban har 50, da manyan wasanni na musamman guda 10, sannan manyan jami'an sa kai na tsarin, irin su masu muƙamin Venture-Captain, su zauna su kalli yadda mutum yake tafiyar da tebur. In ka lissafa awa huɗu a kowane zama, tebur 150 awa 600 ne, ban da daren da aka raba ana shiri.

A nan ne nake da ɗan ƙorafi. Har zuwa alama ta huɗu ƙirge kawai ake yi. Mai karanta labari kamar sanarwar rediyo da wanda ke sa mutane su manta da wayoyinsu, duk alamarsu ɗaya. Mai taurari huɗu ka san ya jure, amma ba ka san ko ya iya ba sai ka zauna a teburinsa. Alamar dai tana da ɗan amfani a aikace: a bugu na biyu, mai tambari in ya zauna a matsayin ɗan wasa yana raba wa abokan tebur ƙarin makin jarumta, wanda ake sake jifa da shi in na farko ya ɓaci.

Kashi na uku makin AcP ne (Achievement Points, wato makin cim ma nasara), da ya zo da bugu na biyu. A zaman yau da kullum ɗan wasa yana samun 4 a cikakken labari, GM yana samun 8, a manyan taruka kuma ana ƙarawa. Da shi ake sayen alfarma a shafin kamfanin, kamar izinin ƙirƙirar jarumi daga jinsin da ba a buɗe wa kowa ba, ko tayar da wanda ya mutu.

Lissafin tebur da AcP duka sun rataya ne a kan rahoto. Kowane mai wasa yana da lambar rajista, kowane jarumi kuma da tasa a liƙe a baya: na farko a bugu na biyu yana ɗaukar 2001, na biyu 2002, haka har gaba. Wanda ya shirya zaman shi ke shigar da lambobin a shafin Paizo ƙarƙashin lambar taron. In ya manta, ko ya rubuta lambarka ba daidai ba, teburin bai shiga lissafinka ba sai an gyara. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa tashi sai sun duba takardar rajista da idonsu, wasu har su ɗauke ta hoto da waya. Kamfanin kuma yana sabunta kundin dokokin lokaci zuwa lokaci, don haka a leƙa na yanzu kafin a cike takarda.