Tambayoyi kan gizo-gizon da ke lungun ɗakunanmu

Da damina ta kankama a Gombe, ƙwari suka yawaita, sai yana ta cika zaure da gindin rumbu. Mutane kan share ta ba tare da sanin mai saƙar ba.

Shin gizo-gizo dangin ƙuda da sauro ne?

A'a. Su ƙafa 6 gare su, jikinsu kashi uku. Shi ƙafarsa 8, jikinsa kashi biyu: kai da ƙirji a haɗe, sai ciki. Ba shi da fiffike. Danginsa su ne kunama da kaska. Yawancin gizo-gizo ido 8 gare su, amma masu saƙa ba sa gani sosai, girgizar zare ce ke sanar da su an kamu. Masana sun tantance iri fiye da 50,000.

Daga ina zaren yake fitowa?

Daga wasu 'yan tsiraye da ke ƙarshen cikinsa. Ruwa-ruwa yake fitowa, sai ya ja shi da ƙafa ya daskare ya zama zare. Ka dubi yanar da sassafe raɓa na kanta: akwai zaruruwa da suka miƙe daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, akwai kuma wanda ya kewaye su. Mai kewayen ne ke da danƙo, shi kuwa a kan miƙaƙƙun yake takawa. Ni wannan tsari yana ba ni mamaki ƙwarai. Zaren yana da ƙarfi idan aka auna da siririntarsa, amma gidan ba ya tare ruwa ko rana, kuma aya ta 41 a Suratul Ankabut ta ambaci rauninsa.

Ba kowanne ke saƙar tarko ba. Ƙaramin nan mai tsalle a bango farauta yake yi da ido.

Yaya yake cin abinci?

Ba ya tauna. Dafi yake sa wa abin da ya kama, ya zuba masa ruwan narkarwa, sannan ya tsotse.

Na ga gawarsa fayau a rataye, me ya kashe shi?

Sau da yawa ba gawa ba ce, saɓa ce. Fatarsa ba ta girma, dole ya tuɓe ta.

Cizonsa na kisa?

Kusan duk suna da dafi, amma kaɗan ne ke iya cutar da mutum, kuma gudu suka fi yi. Ƙurajen da ake ɗora musu laifi galibi ƙwayoyin cuta ne, a kai asibiti a duba. Na gona kam ina roƙon a bar su: masu noman shinkafa a Dadin Kowa suna amfana da su, domin ƙwarin da ke ɓata amfani suke ci, kuma feshi barkatai yana kashe su tare.