Miƙa Aikin Jinya a Bakin Gadon Mai Ciwon Daji

Nas ɗin dare ta tashi, ta safe ta karɓa, likita ya yi zagaye ya wuce. Wanda ba ya zuwa ko'ina shi ne mara lafiyar da ke kwance. Shi ya san ƙarfe nawa ciwo ya taso masa, shi ya ji zafin da hannunsa ya yi sa'ad da ruwan kemo, wato maganin ciwon daji da ake sawa ta jijiya, ke shiga. Duk da haka a wurare da yawa a kan tebur ake miƙa aiki, ana ta buɗe fayil, shi kuwa sai dai ya hango. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miƙa mara lafiya daga hannu zuwa hannu cikin abubuwa tara da ta ware don rage kurakurai a asibiti, ta kuma ce a dama da shi da danginsa.

Kafin lokacin miƙa aiki a bakin gadonsa ya yi, nas mai tashi ta tambaye shi ko ya yarda a yi magana a gabansa, da kuma wa yake so ya zauna. A ja labule, a sassauta murya. Ta gabatar da mai karɓa da sunanta: "Baba, ga wadda za ta kula da kai har yamma." A tabbatar da shi ta hanya biyu, suna da lambar asibiti, domin lambar gado tana canzawa. Sannan a faɗi halin da yake ciki, maganin da ya samu, da abin da ake jira. Minti uku zuwa biyar sun isa.

Wajen tambaya ne amfanin yake. Kada a ce "Ya jiki?" a wuce, amsar kullum "Da sauƙi" ce. A ce ya auna ciwon daga 0 zuwa 10, a tambayi sau nawa ya nemi ƙarin mofin, maganin rage ciwo mai ƙarfi, cikin dare. Mofin na sha da ke aiki nan take akan ba da shi ne duk bayan awa 4, kuma wanda yake ta neman ƙari a tsakani, likita ya kamata ya sake duba adadinsa. A tambayi yaushe rabonsa da bayan gida, don mofin yana ɗaure ciki, mutane da yawa kuma kunya ke hana su faɗa. Nas biyun su duba wurin kanula, ɗan bututun da ake sa ruwa a jijiya ta cikinsa, tare, da ido da hannu. Magunguna irin su doxorubicin da vincristine idan suka fita daga jijiya suna lalata nama, kuma sau da yawa mai hannun ne ke fara jin raɗaɗi tun kumburi bai bayyana ba. A gaya masa ƙarara cewa da ya ji haka ya kira, a tsayar da ruwan.

Sai zazzaɓi. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta a jiki, sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo. A wannan tsakanin, zafin jiki digiri 38 gaggawa ce, ana so a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya. Wanda ya san haka ba zai lulluɓa da bargo yana rawar sanyi yana jiran gari ya waye ba.

Abin yakan lalace idan nas biyu suka tsaya a kansa suna zuba kalmomin likitanci kamar ba ya nan. Wannan ya fi na tebur ciwo. Haka kuma bakin gado a lokacin canjin aiki ba wurin sanar da sakamakon gwaji mai nauyi ba ne. Wannan sai an zauna da likita cikin sirri, su kuma nas su yi maganarsa a gefe. Akwai wanda bai so a yi ta maimaita masa sunan cutarsa, a bi ra'ayinsa. Wanda barci ya ɗauke shi bayan ya kwana yana fama, a bar shi, a dawo in ya farka.

Gamsuwar mara lafiya da kulawa tana ƙaruwa ne idan ya san wa zai kira, me za a yi masa yau, kuma ya ga abin da ya faɗa jiya bai ɓace a hanya ba. Kafin a bar gadon, a roƙe shi ya maimaita shirin ranar da bakinsa, a kuma tambaye shi: "Akwai abin da muka faɗa ba daidai ba, ko wanda muka manta?" Abin da ya gyara a rubuta shi a fayil nan take.