Kifayen da ba su da muƙamuƙi: ga amsa, a daina maimaita tambaya

Wai da gaske akwai kifi marar muƙamuƙi?

Akwai. Iri biyu suka rage a duniya, lamfiri da hagfish, dukansu masu dogon jiki kamar maciji. Sunan rukuninsu Agnatha.

Gaiwa ce ke nan?

A'a! Na gaji da wannan tambayar. Gaiwa tana da muƙamuƙi, har cizo take yi. Tsawon jiki ba hujja ba ne. Lamfiri ruwan sanyi yake so, ba za ka kama shi a kogunanmu ba.

To da me suke cin abinci?

Bakin lamfirin teku zagaye yake kamar mazurari, haƙora jere a ciki. Sai ya manne a jikin wani kifi, ya kankare fata da harshe, ya sha jini. Hagfish kuwa mushe yake bi a ƙasan teku, in ka damƙe shi ya cika maka hannu da yauƙi.

A jarrabawa, in sa hagfish cikin masu ƙashin baya ko kuwa?

Nan ne a bi a hankali. Hagfish yana da ƙoƙon kai na guringuntsi, amma ba shi da cikakken ƙashin baya. Shi ya sa tun wajen 1977 wasu masana suka fitar da shi gefe, suka ce lamfiri ya fi kusa da masu muƙamuƙi. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna lamfiri da hagfish dangin juna ne na kusa, rukuni ɗaya mai suna Cyclostomata, wato masu zagayayyen baki. A 2011 kuma aka gano 'yan guntayen guringuntsi a wutsiyar hagfish masu kama da ɓurɓushin ƙashin baya. Don haka yawancin masana yanzu suna sa shi ciki. Amma fa in littafin ajinku tsoho ne, zai iya faɗin akasin haka, mai maki kuma sau da yawa littafi yake bi. Ni dai shawarata: rubuta cewa yana ciki, ka ƙara layi ɗaya na dalili. Kada ka tayar da hankali, su kansu masanan sun daɗe suna ja-in-ja.

Halittu ne koma-baya?

Ku daina faɗin haka. An tono burbushin lamfiri mai shekara miliyan 360 a Afirka ta Kudu, bakinsa kusan irin na yau. Har yanzu kuma suna nan daram.

Suna ɓarna?

Sosai. Da lamfirin teku ya bi mashigin Welland, wata hanyar ruwa da aka haƙa a Kanada, ya bazu a manyan tafkunan Amurka da Kanada, sai da ya kusa ƙarar da wasu kifayen da masunta suka dogara da su.