Damuwar Kuɗin Haya Tana Taɓa Jiki

An daɗe ana ɗauka cewa matsalar aljihu daban, ciwon jiki daban, alhali tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kwanciyar hankali da zaman walwala cikin ma'anar lafiya. Ma'aikacin da ke tasowa daga Nyanya tun asuba zuwa cikin Abuja, yana lissafin kuɗin hayar shekara da na mota, jikinsa na fitar da sinadarin kotisol da adirinalin, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, barci ya ƙaurace masa. Abin da ya fi damuna shi ne, idan ya kwanta ciwo, kuɗin magani kan ƙara nauyin bashin da ya hana shi runtsawa tun farko.