Wane ne dillalin inshora, kuma me katin ƙungiya yake tabbatarwa?

Duk mai sauraron tallace-tallacen rediyo a Garwa da Marwa a 'yan watannin nan ya lura cewa "dillalin inshora" ya zama laƙabin kowa. Mai teburi a bakin tasha da yake cika wa direbobi takardar mota dillali ne, yaron da yake bin 'yan kasuwa shago-shago a kan babur dillali ne, har ofishin da sunan kamfani guda yake rubuce ɓaro-ɓaro a allonsa, mai talla sai ya kira shi dillali. Daga nan sai a ɗora masa kirari, wai cikakken mamba ne na ƙungiyar dillalai kuma ya halarci horo a Duwala, kamar dai wannan ya rufe bakin duk mai tambaya. Ba zan tsaya bayanin mece ce inshora ba, domin duk wanda jandarma ya taɓa tsayarwa a hanyar Figil ya san takardar da ake nema. Abin da yake damuna shi ne yadda aka cakuɗa dillali da wakilin kamfani, sannan aka cakuɗa katin ƙungiya da izinin hukuma, alhali ranar da hatsari ya auku, wannan bambancin ne yake nuna wa mutum ƙofar da zai buga.

Kalmar dillali daga Larabci ta shigo mana, kuma tushenta ɗaya da dalili, wato abin da yake nuna hanya. Ke nan tun asali dillali mai nuni ne, hajarsa sanin kasuwa ce. Wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Adumri ya ga wannan da idonsa. Dillali ba shi da sa ko ɗaya a kara, amma ya san wanda ya kawo, ya san farashin makon jiya, ya san dabbar da aka ɗura wa ruwa domin ta cika ido, kuma idan daga baya aka ce saniyar ta sata ce, shi za a fara nema domin a gabansa aka yi ciniki. Ladansa la'ada. Babu Bahaushen da zai kira yaron da mai garke ya aiko ya sayar masa da shanunsa dillali, domin kowa ya san wannan yaron bakin ubangidansa yake da shi, kuma ba zai taɓa ce maka ka duba garken maƙwabci ya fi ƙiba ba. Abin mamaki, bambancin da muke kiyayewa a kara shi ne muke watsarwa da zarar an zo maganar takarda mai hatimi.

Ita kuwa doka ba ta watsar da shi ba. Harkar inshora a Kamaru da Cadi tana ƙarƙashin kundi guda ne, na CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai tsara kasuwannin inshora, wadda aka sanya hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, mai hedkwata a Libarabil, kuma ƙasashe 14 suke aiki da shi, har da Nijar. Kundin ya fara aiki a 1995, kuma littafinsa na biyar kacokan a kan masu shiga tsakani yake magana. A can an raba su sarai. Akwai wanda Faransanci yake kira ajan janaral, wato babban wakili, wanda kamfani ya naɗa da takardar naɗi domin ya sayar da hajarsa, kuma idan ya yi kuskure ko sakaci a bakin aikin, doka ta ɗora alhakin a kan kamfanin da ya wakilta shi. Akwai kuma kurtiye, wanda shi ne dillali na haƙiƙa: ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, ba yaron kowane kamfani ba, aikinsa ya tsaya wa mai saye, ya zagaya kamfanoni, ya kwatanta sharuɗɗa da farashi, ya dawo da shawara. Kundin ya hana mutum guda ya haɗa hulunan biyu, wakili ba zai mallaki ofishin dillanci ba, dillali ba zai riƙe wakilci ba. Don haka mai tallan da yake cewa wane "dillalin kamfani kaza ne", ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma yana tona wa mutumin asiri ne ba da saninsa ba.

Akwai wani ƙulli a wannan sana'a da ban taɓa jin daɗinsa ba, kuma gara a faɗe shi. Dillali mutumin mai saye ne, amma la'adarsa daga hannun kamfani take fitowa, wani kaso na kuɗin da aka biya. Wanda yake ba ka shawara, wanda kake saya a wurinsa ne yake biyansa. Ba na cewa duk dillali yana karkata zuwa inda la'ada ta fi tsoka, amma wanda ya ce jarabawar ba ta nan, bai faɗi gaskiya ba. Saboda wannan ƙullin ne duk sauran sharuɗɗan suke da ma'ana.

A ɗauka wani Alhaji a Marwa yana da babbar mota da take ɗauko fulawa da siminti daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, ta bi Garwa da Mora da Waza har Kusiri, ta haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Ya ba wani da ake kira dillali kuɗi, an kawo masa takarda, ya jefa ta a aljihun mota, hankalinsa ya kwanta cewa motarsa "tana da inshora". Wata rana birki ya ƙwace a gangaren dutsen da yake tsakanin Ngaundere da Mbe, mota ta kife, kaya suka watse. A nan ne zai ji a karon farko cewa takardar da yake riƙe da ita ta alhakin cutar da wani ce kawai, wadda doka ta wajabta wa kowace mota, tana biyan wanda aka buge ko aka yi wa ɓarna, amma ba ta biyan motarsa, ba ta kuma biyan buhu ko ɗaya na kayan da ke ciki. Waɗannan kowanne yarjejeniyarsa daban, kuɗinsa daban. Dillali na gaskiya tun ranar farko zai zaunar da shi ya tambaye shi me yake ɗauka, na wa ne kayan, ina motar take zuwa, domin idan Cadi ce akwai katin inshorar ƙetare iyaka mai ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, da ake buƙata, idan kuwa wata rana za ta karkata Mubi ko Yola, wannan katin ba ya aiki a Najeriya. Idan bai tambaya ba, ko ya ba da shawarar da ta jefa Alhaji cikin asara, to laifin nasa ne na sana'a, kuma domin irin wannan rana ce doka ta tilasta wa dillali ya yi wa kansa inshorar alhakin sana'a. Idan kuma kuɗin ne ya karɓa ya riƙe, akwai lamunin kuɗi da aka wajabta masa ya samo daga banki ko kamfanin inshora, wanda bai gaza sefa miliyan 10 ba. In mutumin wakili ne, Alhaji ƙofar kamfani zai nufa. In kuwa ba wannan ba ne ba wancan ba, mai teburi ne kawai da yake karɓo takardu daga wani wuri, to Alhaji ba shi da abin kamawa sai rigar mutumin, in ma ya same shi.

Wanda yake mayar da mutum dillali shi ne ministan da harkar inshora take hannunsa, a Kamaru ministan kuɗi, ta hanyar izini a rubuce, kuma ma'aikatar tana riƙe da jerin sunayen waɗanda aka amince da su. Kafin a ba da izinin ana duba ko mutum yana da tabon hukunci a kan laifuffuka irin su sata da zamba da cin amana, ana duba takardar karatunsa ko shekarun da ya yi yana aikin, ana kuma neman shaidar horon sana'a da bai gaza awa 500 ba, wanda ya haɗa darasi da aiki a aikace. Katin sana'a da ma'aikatar take bayarwa shekara biyu yake yi, sai a sabunta. Akwai ma sana'o'in da aka hana haɗa su da dillanci, cikinsu har da sayar da motoci da riƙe gareji, kuma dalilin a fili yake, domin wanda zai gyara motar bayan hatsari bai kamata ya zama shi ne ya zaɓa maka mai biya ba. Duk wanda ya san garuruwanmu zai yi murmushi a nan, don ya san a harabar wa ake yawan samun teburin inshora.

To ina ƙungiya ta shigo? A Kamaru dillalai suna da tasu, APCAR, kamfanoni kuma suna da tasu daban, ASAC, kuma rabuwar nan ita kanta darasi ce ga mai cakuɗa su. Ƙungiyar sana'a taron masu aiki ɗaya ce da suke biyan kuɗin shiga da na shekara domin su yi magana da murya guda a gaban ma'aikatar kuɗi da kamfanoni, su tattauna la'ada da jinkirin biyan diyya, su shirya wa mambobinsu tarukan ƙara sani, su kuma ja kunnen wanda yake ɓata musu suna. Duk wannan aiki ne mai amfani, kuma dillalin da yake ƙyamar zama da 'yan'uwansa ni ma zan yi shakkarsa. Amma ƙungiya ba ta ba da izinin aiki, ba ta karɓe shi, ba kuma ita za ta biya Alhaji kuɗin simintinsa ba. Katinta shaida ce cewa abokan sana'a sun san mutum, ba ta wuce nan ba. Ina zargin cewa wani ɓangare na ruɗanin daga tsallaken iyaka ya zo mana, domin kunnuwanmu suna kan gidajen rediyon Najeriya, inda majalisar dillalan inshora ta NCRIB doka ce ta 2003 ta ba ta matsayinta, kuma rajista da ita wani mataki ne na samun lasisi daga hukumar kula da inshora ta NAICOM. A can idan aka ce mutum mai rajista ne da majalisa, maganar tana da nauyin doka. Mai talla a nan ya ari kirarin bai ari dokar ba.

Saura maganar horo, wadda ita ce aka fi wasa da ita. Dillali ba ya ajiye kaya a sito, abin da yake sayarwa sani ne, kuma sanin wannan fanni yana tsufa da wuri. A 2011, a taron da aka yi a Njamena, ministocin CIMA suka gyara aya ta 13 ta kundin, suka ce yarjejeniya ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, wato aka kashe al'adar inshorar bashi da 'yan kasuwa suka saba da ita. A gyaran ne aka hana masu shiga tsakani karɓar kuɗin inshora ko cek da sunansu, sai tsabar kuɗin da bai wuce sefa miliyan ɗaya ba a kan kowace yarjejeniya, wanda dole su miƙa wa kamfani cikin kwana 30. A 2012 aka ƙara littafi a kan ƙaramar inshora ta masu ƙaramin ƙarfi. A 2016 aka ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin inshora na hannun jari daga sefa biliyan ɗaya zuwa biliyan 5, abin da ya sa tambayar wane kamfani ne yake da ƙarfin biya ta zama tambayar da dillali ya kamata ya iya amsawa da lissafi. A 2019 aka fitar da dokar takaful, inshorar taimakon juna bisa tsarin Musulunci, wadda a yankinmu ta fi ko'ina muhimmanci, domin da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu abin da yake hana su wuce inshorar dole shi ne shakkar halaccinta. Dillalin da ya samu izininsa kafin 2011 bai sake buɗe kundin ba, yana iya ce wa mutum "je ka, inshorarka ta fara aiki, ka kawo kuɗin ƙarshen wata" da zuciya ɗaya, ya jefa shi rami.

Wannan shi ake nufi da ƙara wa juna sani a sana'a, kuma ya sha bamban da abin da ake rataye wa a bango. Takardar halartar taron kwana biyu a otel tana nuna mutum ya je ne, ba ta nuna ya koyo. Karatu mai jarrabawa yana nan, a cibiyar koyar da inshora ta IIA da ke Yawunde, wadda ƙasashen CIMA suka yi tarayya a kanta, da rassan horonta a ƙasashe mambobi. A ganina ƙungiyar da ta cancanci kuɗin mambobinta ita ce wadda take tura su irin wannan karatun, take kai musu kowane sabon gyaran doka da bayaninsa, ba wadda aikinta ya tsaya a liyafar shekara da hoton haɗin gwiwa ba.

A nan ne kuma nake da ƙorafi a kan ƙungiyoyin kansu. Hedkwatocin kamfanoni da manyan ofisoshin dillanci a Duwala da Yawunde suka taru, tarukan ma can ake yawan yinsu. Mutumin Marwa ko Kusiri da yake son halarta sai ya rufe ofis, ya yi doguwar tafiyar mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa kafin ya ga Yawunde, ko kuma ya biya kuɗin jirgin sama da ya fi la'adar da zai samu a yarjejeniyoyi masu yawa. Matsalolin da yake fama da su kullum, motocin da suke ƙetare iyakoki biyu, ambaliyar Logon da take cin kaya a sito, gobarar kasuwa, abokin ciniki da yake son a yi masa bayanin sharuɗɗa da Hausa ko Fillanci ko Larabcin Shuwa, ba su ne suke damun dillalin da yake kula da kwantenonin tashar jirgin ruwa ba. Muddin horon bai hauro arewa ba, masu izini za su ci gaba da ƙaranci a nan, mai teburin bakin tasha kuwa zai ci gaba da cike gurbin, yana amsa sunan da ba nasa ba, mai talla yana taya shi.